Kajin da Suka Tona Asirin Jemima

Mata suna yawan tambayata, da yake darni ɗaya ne ya raba gidana da na Jemima, wai ko mashin ɗin niƙan da ɗanta ya saya mata ya ci kuɗinsa. Ba don Allah suke tambayar ba. Kowace tana da ɗa a Yamai ko Agadas da take son matsa wa, so take in miƙa mata sandar duka. Ni kuwa ba na amsa wannan tambaya a tsaye. Wadda ke son amsa ta sami wuri ta zauna, ta ji wace ce Jemima tukuna.

An kawo ta nan Gidan Amumune daga wani ƙauye na wajen Kanan-Bakashe, amaryar Simon, shekarar da nake goyon ɗiyata ta biyu. Kirista ce ɗiyar Kirista, shi ma Simon haka. Gidajensu ba su da yawa a unguwarmu, majami'arsu kuwa ɗaki guda ne na ƙasa mai rufin kwano. Na yi zaton wata mai yatsina za a kawo mana, sai ga siririyar yarinya baƙa mai wushirya, wadda in ta gaishe ka sai ta kai gwiwa ƙasa. Ranar da ta fara girki na ji taɓaryarta ta bayan darni, na ajiye tawa na saurara. Akwai matan da ke daka kamar turmin ya zagi ubansu. Ita ba haka take ba. Ta kan jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, tana waƙoƙin majami'arsu a hankali. Ban taɓa riƙe baiti ko ɗaya ba, amma na san inda taɓarya ke sauka a cikin kowace waƙa. Tun daga ranar take ce mini Yaya, ni kuma in kira sunanta gatsau, har yau da mu duka muka zubar da haƙora.

Yaran yanzu ba su san cewa daka magana ba ce. Mu da muka tashi a cikinta, daga kwance muke sanin abin da ke cikin turmin kowa. Surfe yana da muryarsa, ribɗi yana da tasa, kirɓin hura kuwa ko kurma ya san shi. Haka nan mun san ƙarar turmin da babu komi cikinsa sai dussa, wanda mace ke bugawa don kada a ce gidan mijinta ya ƙone. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya koma ɗakin ɓeraye, sabon hatsi bai nuna ba, to lokacin ne muke kasa kunne. Gidan da aka ji shiru, ko aka ji turmi yana kukan wofi, ba a zuwa a ce, "Kuna jin yunwa?" Wannan ai zagi ne. Sai wata ta ɗebi hatsi a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta shiga ta ce, "Riƙe mini ajiyar nan, ɓeraye sun dame ni." Ba mai komawa neman ajiyarta. Shekarar da maigidana ya tafi ci-rani ya manta hanyar gida, Jemima ta kawo mini irin wannan ajiya. Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da Simon har ya tafi da shi, ni na kai mata. Ba mu taɓa tada maganar ba.

Haihuwa ta yi mata yawa, amma ƙasa ta karɓi rabonta, biyu suka tsaya: Titus, ɗan farinta, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce "yaron nan", da Liza da ke aure a Tasawa. Da taɓarya ta raine su. Ta yi wa mutane surfe ana ba ta dussa da ɗan hatsi, ta yi hurar saidawa ranar kasuwa, ta daka gero na bikin rabin garin nan. Abin da ka ci da shi kuwa shi ke cin ka. Kafaɗarta ta dama ta fara ciwo, ta yi ta shafa man shanu da toka mai zafi, har ta kai ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi. Liza ta kai ta likita a Mayahi, lokotoro ya ce gaɓar ta cinye, in ba ta bar daka ba hannun zai bar ta.

Titus a lokacin direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Tasawa da Agadas. Ana gobe sallarsu ta Nowel sai ga shi da kaya niƙi-niƙi: panno biyu masu shan rana, bateri mai nauyin jaki, murhun gaz da butalinsa, da mashin ɗin niƙa, ɗan dunƙule kamar ɗan akuya ya kwanta, ja, da baki a sama inda ake zuba hatsi. Unguwa ta taru. Ni ma na shiga, ba don gulma ba, don gidan kamar nawa ne.

"Inna Zara'u," in ji Titus, yana ɗaure waya a bisa rufi, "daga yau tsohuwa ta bar daka."

"To mi za ta riƙa yi da hannuwan? Ta zauna tana sosa ƙeya?"

"Hutawa za ta yi."

"Hutu a kabari ake yin shi, ɗan nan. Amma Allah shi maka albarka, ka fi nawa da ba su san kuɗin ashana ba."

Murhun gaz ɗin bai kwana uku ba. Ran da aka kunna shi ya ce fuuu, Jemima ta yi waje da gudun da ban san tana da shi ba, ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da iskan da aka ɗaure a tulu ba. Aka kai wa Liza. Mashin kuwa ya zauna. Titus ya shirya da wani ɗan kabu-kabu mai suna Cindo, yana kawo mata buhun gero surfaffe daga Tasawa a bayan motonsa mai ƙafa biyu. Nata dai ta wanke, ta shanya a tabarma, in rana ta ɗaga ta danna abu, kafin a ce mi gari ya fito. Turminta ta kife shi a gindin itacen bedi, ya koma kujerar baƙi.

Gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi wa tsohuwa irina daɗi ba. Mashin ɗin nan ya yi mata rana. Kafin bazara ta koma ɗaura kallabinta da kanta, wuyanta ya cika, ta daina nishin da nake ji ta bayan darni. Masu cewa tuwon garin mashin ba shi da daɗi, na zauna da su a gaban akushin Jemima, ban ga wadda ta bar loma ba. A majami'arsu an yi addu'ar godiya, pasto ya kira sunan Titus ya ce a yi koyi da shi. Har mazanmu a ƙofar masallaci suna yi wa 'ya'yansu gori da shi. Ita kuwa ba ta cewa komi, kunyar ɗan fari, amma in an ambace shi sai ka ga tana gyara zaman zane. Kowa na unguwa ya kawo salularsa ta sha kuran, wato wuta, a baterinta, ba ta taɓa karɓar ko dala ba.

Sai shekarar murzuna ta zo, tsutsar nan mai cin zangarniya tun tana tsaye. Gonar da dangin Simon ke noma mata ba ta ba da abin kirki ba, namu ma haka. A shekarar ne kuma mai motar da Titus ke tuƙawa ya saida motarsa. Yaron ya bi masu neman zinariya can arewa da Agadas, inda salula ba ta kamawa. Wannan duk daga baya na sani. Abin da na gani a lokacin shi ne Cindo ya daina tsayawa a ƙofarta. Na tambaye ta, ta ce yaron nan ya aiko da yawa gaba ɗaya, ɗakin ma ya cika.

Damina ta kai tsakiya, turame suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Muka shiga kai ajiya kamar yadda muka saba, mai tafin hannu ta ba da tafin hannu. Ba wadda ta kawo gidan Jemima a ranta. Ina dalili? Ga panno na ƙyalli a bisa rufi, ga mashin yana kuka kullum da hantsi, unguwa duka na ji. Ranar da muke haɗa wa wata mai jego abin da za a kai mata, Jemima da kanta ta miƙo mini gero tiya guda ta saman darni. Na karɓa na ce Allah shi ƙara arziki.

Akwai abubuwan da na gani na ba su ma'ana ta wani wajen. Ƙasarin wankin gero da take zubo wa tunkiyata ya daina zuwa, ta ce mashin ba ya son hatsi mai laima, ta bar wankewa. Ni mi na sani game da abin da mashin ke so? Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura, na ce, "Ke Jemima, tsufa ne ko rowar ciki?" Ta ce azumi suke yi a majami'a. Azumin Kirista ban san watansa ba, na yarda. Kunnen nan nawa da ya yi shekaru yana karanta turmi, a gaban mashin ya zama kunnen jariri. Kukansa ɗaya ne a wurina, ko da hatsi ko babu.

Kajina ne suka gane. Akwai wata kafa a ƙasan darni da suke bi su shiga gidanta su tsattsagi shanya, mun yi faɗa a kanta ba iyaka, ta toshe da ƙaya, su sake buɗewa. Da mashin ya zo, suka koyi kukansa. Yana tashi za ka ga sun kwasa a guje sun yi jerin gwano a bakin kafar, don sun san akwai tsaki da ke zuba. Wata safiya ina zaune ina gyaran tafasa, mashin ya tashi kamar kullum. Na duba, ga kajina kwance a inuwar rumbu, ko wadda ta ɗaga kai babu. Na dubi kafar, har ciyawa ta fito a bakinta.

Kaza ba ta san kunya ba. Ba ta san rufin asiri ba, ba ta kuma san sunan Titus ba. Inda hatsi yake nan take zuwa.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗebi gerona da na surfa domin tuwon dare, na sa a ƙwarya, na zagaya ta ƙofa. Ban yi sallama ba sai da na kai bakin rumfar da mashin yake. Tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, ta sa ƙwarya a bakin da gari ke fita, ƙwaryar wayam. A murhu ga 'yar tukunya da ganyen tafasa, ba ƙuli, ba gishirin kirki. Na leƙa bakin mashin ɗin na sama. Har gizo-gizo ya fara saƙa.

Ta kashe shi. Muka tsaya muna kallon juna.

"Yaya, ba ki iya sallama ba ne?"

"Na yi, ɗan jan akuyarki ne ya hana ki ji. Mi kike niƙawa haka, iska?"

"Gwada shi nike. An ce in ya daɗe bai yi aiki ba yana tsatsa."

"Kullum da hantsi kike gwajin? Jemima, ni za ki yi wa? Ni da na wanke ki ranar da kika haifi wanda ya sayo shi?"

Ta zauna a kan turmin nan da ta kife. Ba ta yi kuka ba, Jemima ba ta kuka gaban mutane, sai dai ta kama gefen zanenta tana murzawa.

"In na bar kunna shi, mi za a ce? A ce yaron nan ya ɗora wa uwarsa kwalliya a rufi ya bar ta da yunwa. An kira sunanshi a gaban jama'a, Yaya. Ban san ko yana da rai ba, ba ni da abin da zan tsare mishi sai wannan."

"Liza hwa?"

"Mijinta na kwance. In ƙara mata?"

"Mutanen majami'arku?"

"Su da sunka yi mini addu'ar godiya?"

Na ce ga Harisu mai cajin salula a kasuwa, ya daɗe yana zawarcin panno ɗin nan, ta saida masa ɗaya mana. Ta dube ni kamar na ce ta saida ƙafa. Ta ce ran da aka ga an sauko da shi daga rufi, ai an gama da yaron.

Na so in zazzage ta, don bakina ba ya ajiya. Na so in tambaye ta tiyar da ta miƙo mini ranar nan, wa ta burge? Amma na ga wuyanta ya koma kamar na ɗan tsako. Na kuma san in na ce ga ajiya, za ta mayar mini har gida, don mai panno a rufi ba ta karɓar ajiya. Sai na tura mata ƙwaryar da ƙafa.

"To tun da tsatsa kike tsoro, niƙa mini wannan. Wuyan hannuna ya ƙi daka yau."

"Yaushe kika fara cin tuwon mashin? Ba ke ce mai cewa..."

"Na ce, na kuma janye. Tsohuwa ba ta da ikon sake magana?"

Ta niƙa. Da gari ya fito na ɗebi nawa na bar saura a ƙwaryarta, na ce wannan wanda ya maƙale ne a cikin mashin, kowa ya san abin da ya maƙale na mai mashin ne. Ta ce ba abin da ya maƙale. Na ce ita ta fi ni sanin mashin, amma ni na fi ta sanin maƙalewa. Na yi tafiyata.

Ban faɗa wa kowa komi ba. Washegari dai na sake ɗora ƙwarya a kai, na bi ta doguwar hanya, ta ƙofar Halimatu, wadda idonta ba ya barin ko ƙuda ya wuce.

"Zara'u, ina zuwa da hatsi?"

"Niƙa, gidan Jemima."

"Nawa take amsa?"

"Ba ta amsar komi. Sai dai mashin ɗin akwai ci. In za ki kai, ki ƙara mishi abin da zai haɗiye."

Halimatu ta dube ni, ta dubi rufin Jemima. Can ta ce, "Haka ne. Na ji an ce jajayen nan sun fi haɗama."

Kafin mako ya zagayo, ƙore sun yi layi a rumfar Jemima. Har Altine ta majami'arsu, wadda ba ta da abin da ya wuce cin yini, tana zuwa da ɗan abin da ta samu. Kowace ta niƙa ta tafi, ta yi ƙorafin mashin ya cinye mata gari, ta bar shi nan. Jemima ta san mun sani, mu ma mun san ta sani, aka bar maganar a rufe kamar tukunya. Kajina suka koma bin kafarsu, ta koma jifan su da takalmi tana zagin mai su.

Amma abin da aka ƙera domin tukunyar gida ɗaya ba ya ɗaukar unguwa. Gero ya fara nuna, yara sun fara gasa tumu, wata rana da hantsi mashin ya yi wani irin gurnani, ya yi warin ƙonannen gashi, ya yi shiru. Aka danna, aka girgiza, Halimatu har ta tofa masa addu'a. Ya mutu. Ya dai kai ta gaɓar kaka kafin ya faɗi, kamar jakin kirki.

Titus ya dawo bayan an gama girbi, ramamme, da 'yar jaka a kafaɗa, ciwo ya ci shi a can. Uwar ba ta gaya masa komi ba sai cewa mashin ya gaji. Amma yaro ba wawa ba ne, ya ga wuyanta. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna Zara'u, gaya mini gaskiya. Asara na yi ko? Da ma da kuɗin nan hatsi na saya na cika mata rumbu."

"Da ka cika rumbu, da wa zai daka mata? Hannun da ya mutu?"

"To ai mashin ɗin ya kusa kashe ta."

"Shi bai san ta ba balle ya kashe ta. Ka sayo mata abin da ya ɗauke mata daka, ka yi daidai. Abin da ba ka sani ba, taɓarya aiki biyu take yi, tana niƙa hatsi tana kuma gaya wa maƙwabta labarin gida. Naka ɗaya ya iya. Tashi ka ba ni wuri, ka je ka ci tuwo, kai ma kamar an shanya ka."

Ya sami wata motar yana tuƙawa yanzu. Ya kai mashin Tasawa wani mai gyara ya sake masa waya, ya dawo yana kuka kamar da, sai dai mun rage masa kaya. Matan da ke tambayata, abin da nike ce musu shi ne, in hannunki ya gaji kuma ɗanki na da hali, ki karɓa, ba zunubi ba ne. In don Jemima na da shi ne kike so, ki riƙe taɓaryarki. Kuma ko wane iri za a sayo miki, kada ki kife turmi.

Nata na sa ta tada shi. Sharaɗin da na kafa mata, kullum kafin ta danna mashin, ta jefa tafin gero a turmi ta ɗan buga da hannun hagu, yadda zan ji daga gidana. Ta ce wannan mulkin mallaka ne. Tana yi dai. Jiya ma ta buga, na ji muryar hatsi sarai, amma na ɗaga murya na ce ban ji ba.

"Kunnenki ya tsufa, Yaya," ta ce ta bayan darni.

"Ya tsufa. Buɗe wa kajin kafa, su nasu kunnen da sauransa."